ZAƁEN ƊAKI A JIRGIN RUWA: ABIN DA YA KAMATA MATAFIYI YA SANI KAFIN YA BIYA KUƊI

Hausawan da ke zaune a Ikko, musamman na Agege da Idi-Araba da Obalende, ba baƙin teku ba ne. Tun farkon ƙarni na 20 fataken goro su ke shiga jirgin ruwa daga Ikko zuwa Sakandi da Ankara, babban birnin Gana na yanzu, su sari goro su komo da shi ta ruwa, sa'an nan a loda shi a jirgin ƙasa zuwa Arewa. To, yau an wayi gari wasu daga cikin jikokin waɗannan fatake sun fara komawa teku, amma wannan karon don hutu. 'Yan kasuwa da manyan ma'aikata da sababbin ma'aurata suna biyan kuɗi su shiga manyan jiragen yawon shaƙatawa, waɗanda su ke tamkar otal a kan ruwa, su yi kwana 3 ko 7 ko 14 suna zagaya garuruwan bakin teku.

Abin da ya ke fara ɗaure wa irin wannan matafiyi kai shi ne tambayar da wakilin kamfanin tafiye-tafiye zai yi masa, watau wane irin ɗaki ya ke so. Amsar da ya bayar ita ce za ta yanke yawan kuɗin da zai biya, da irin barcin da zai samu, da lafiyar jikinsa, har ma da sauƙin ibadarsa. Kuma da zarar jirgi ya bar tasha cike da mutane, da wuya a sami ɗakin da za a sake wa wanda bai ji daɗin nasa ba.

ZAMANIN TABARMA DA BUTA

A zamanin da, zaɓin ba shi da wuya, domin aljihu da launin fata su ne su ke yi wa mutum zaɓi. Kamfanin Elder Dempster na birnin Libaful a Ingila shi ne ya riƙe jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma. Ɗakunan daraja ta ɗaya galibi na Turawan mulki ne da manyan 'yan kamfani. Fatake kuwa su kan sayi tikitin filin jirgi ne, inda babu ɗaki babu gado. Kowa ya kan zo da tabarmarsa da butarsa da guzurinsa, ya sami lungu ƙarƙashin tamfol ya jingina da kayansa, rana da ruwan sama duk a kansa. Ta wannan hanya ce Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a Kano a 1955, ya yi suna tun yana saurayi wajen kawo goron Gwanja Ikko ta jirgin ruwa, maimakon doguwar tafiyar ayari ta jakuna wadda ta kan ci watanni. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma manoman Yarabawa na kewayen Agege suka rungumi noman goro, sai Zangon Agege ya bunƙasa ya zama matattarar masu saye da ɗaurin huhu da lodi.

Shiga jirgin kansa ma aiki ne a wancan lokaci. Kafin 1914 manyan jirage ba su iya shigowa Ikko saboda rairayin da ya tare bakin mashigar, sai dai su tsaya can cikin teku a kai musu fasinja a ƙananan jirage. A Ankara kuwa a cikin kwale-kwale a ke kai mutane gindin jirgi, a ɗaga su sama da ƙugiya cikin wata irin kujera mai kama da akwati. Sauƙi ya zo ne bayan an gina tashar Apapa a shekarun 1920, da ta Takoradi a 1928, da ta Tema a 1962.

Jirgin da dattawa suka fi tunawa shi ne Aureol, wanda ya fara aiki a 1951. Yana ɗaukar fasinja 253 a daraja ta ɗaya da 76 a daraja ta biyu, kuma ya kan yi kimanin mako biyu tsakanin Apapa da Libaful, yana ya da zango a Gana da Saliyo da birnin Las Palmas. Ɗalibai da ma'aikatan gwamnati da yawa masu zuwa kwas Ingila a cikinsa suka fara ganin teku. Jirgin sama ne ya karya wannan kasuwa. A 1974 Aureol ya yi tafiyarsa ta ƙarshe, aka sayar da shi, ya yi shekaru a bakin tekun Jidda a matsayin masaukin ma'aikata, daga bisani a 2001 aka farfasa shi a Indiya.

Da kamfanonin jiragen ruwa suka ga masu gaggawa sun koma sama, sai suka mai da tafiyar kanta hajar sayarwa. A shekarar 2023 waɗanda suka yi irin wannan yawo a duniya sun zarce miliyan 30. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miyami ta Amurka a Janairun 2024, yana da hawa 20 kuma yana iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000. Ba kasafai irin waɗannan jirage su ke ɗaukar fasinja daga Ikko ba, saboda haka matafiyi ya kan hau jirgin sama ne daga Ikeja, maƙwabciyar Agege, ya je ya tarar da jirgin ruwan a Basalona ta Sifen, ko Daban ta Afirka ta Kudu, ko wata tasha irinsu. A Disamban 2024 kuma Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna Aroya daga Jidda, wanda aka tsara da wuraren salla da abincin halal.

ƊAKUNA IRI HUƊU

A jiragen yanzu an daina raba mutane daraja-daraja irin na da. In ban da wasu keɓaɓɓun wurare na masu manyan ɗakuna, kowa yana cin abinci a ɗakin cin abinci ɗaya, yana yawo a fili ɗaya. Bambancin ya koma wurin kwana, kuma duk yawan sunayen da kamfanoni su ke laƙaba wa ɗakunansu, iri huɗu ne.

Na farko shi ne ɗakin ciki, wanda ba shi da taga ko kaɗan. Shi ne mafi araha. Girmansa, haɗe da kewaye, bai fi ɗakin haya mai ƙafa 12 sau 12 da aka sani a Agege da wani abin kirki ba. Akwai gado da kabad da talabijin da na'urar sanyaya ɗaki da bayan gida da wurin wanka. Idan aka kashe fitila duhu ne ƙirin, ko da tsakar rana ce. Mai son barci mai nauyi ya kan ji daɗinsa, amma wanda ƙunci ya ke damunsa ya yi hattara.

Na biyu shi ne ɗaki mai taga. Girmansa kusan ɗaya ne da na ciki, sai dai akwai gilashi mai kauri da a ke hango teku ta cikinsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan taga ba ta buɗuwa. Haske kawai ta ke bayarwa, babu iska. Yawancin irin waɗannan ɗakuna suna hawan ƙasa ne kusa da ruwa.

Na uku shi ne ɗaki mai baranda. Yana da ƙofar gilashi da a ke turawa a fita wani ɗan fili mai ɗaukar kujera biyu da ƙaramin tebur, an kange shi daga na maƙwabta. Nan ne mutum zai sha iskar teku ba tare da ya shiga cikin jama'a ba. Kuɗinsa ya fi na biyun farko sosai, kuma a sababbin jirage shi ne ya fi yawa.

Na huɗu shi ne ciki da falo. Yana da wurin zama dabam, da babban kewaye, da faffaɗar baranda, a wasu jiragen ma har da hadimi na musamman da izinin shiga jirgi kafin sauran jama'a. Kuɗinsa ya kan ninka na ɗakin ciki sau da yawa.

INDA ƊAKI YA KE A JIKIN JIRGI

Sanin irin ɗaki rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin inda ya ke. Jirgin ruwa yana motsi iri biyu a kan igiyar ruwa: yana tangaɗi dama da hagu, kuma goshinsa yana ɗagawa yana sauka. Manyan jirage suna da wasu fukafukai na ƙarfe a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗin gefe, amma ba su hana ɗagawar goshi. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar baya ta doguwar mota daga Ikko zuwa Kano ya san cewa wurin zama yana da bambanci wajen girgiza. Haka abin ya ke a jirgi. Tsakiya ita ce ta fi natsuwa, goshi ya fi ko'ina motsi, kuma gwargwadon hawan mutum sama gwargwadon yadda zai ji lilo. Saboda haka mai saurin jiri da tashin zuciya, da tsoho, da wanda bai taɓa hawa teku ba, su nemi ɗaki a tsakiyar jirgi a hawan ƙasa ko na tsaka-tsaki. Idan da hali ya zama mai taga, domin kallon inda sama ta haɗu da ruwa yana kwantar da jiri. Citta ma tana taimakon wasu, amma maganar ƙwaya sai a tuntuɓi likita tun a gida, balle ga mai hawan jini ko mai juna biyu.

Abu na biyu shi ne hayaniya. Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin iyo ko wurin cin abinci ya kan sha ƙarar jan kujeru tun da asuba. Wanda ke sama ko ƙasa da dandalin kiɗa ba ya samun shiru sai tsakar dare ta wuce. Na can ƙasa a bayan jirgi yana jin rurin inji, na ƙasa a goshi kuma yana jin ƙarar sarƙa da igiyoyi duk safiyar da aka iso tasha. Dabarar da gogaggun matafiya su ke bi ita ce su zaɓi hawan da ya ke da ɗakunan kwana a samansa da ƙasansa. Kowane kamfani yana buga taswirar jirginsa hawa-hawa a intanet, da lambar kowane ɗaki. Mai saye ya nemi lambar ɗakinsa ya dube ta a taswira kafin ya biya, don gudun cinikin biri a sama.

Akwai kuma ɗakuna masu taga ko baranda da a ke sayarwa da rangwame saboda jiragen ceto da aka rataye a gefen jirgi sun tare musu gani. Ba laifi ba ne a saye su idan haske kawai a ke nema, amma a san abin da aka saya. Haka nan akwai wani tsari inda mutum zai biya kuɗin irin ɗakin da ya ke so a farashi mai sauƙi, ya bar wa kamfani zaɓen wurin. Wani ya kan dace, wani kuma ya sami kansa a goshin jirgi ƙarƙashin masu kiɗa. Mai jiri da mai iyalin da su ke son zama kusa da juna kada su shiga wannan caca.

MAI IYALI

Kuɗin da a ke tallatawa na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. Wanda zai kwana shi kaɗai ya kan biya ƙari, wani lokaci har kusan kuɗin mutum biyu, sai fa in jirgin yana da ƙananan ɗakuna na mutum ɗaya. Yawancin ɗakuna ba su wuce mutum biyu zuwa huɗu, na uku da na huɗu a kan kujera mai zama gado ko gadon da a ke saukowa da shi daga bango ko rufi. Ba a yin cushe irin na masaukin baƙi a zango, domin kowane rai ƙidaye ya ke, har jariri, saboda lissafin wuraren zama a jiragen ceto.

Magidanci mai 'ya'ya da yawa zai fi samun sauƙi da ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, ko ɗaki mai baranda ga iyaye da ɗakin ciki da ke kallonsa ga manyan yara. Waɗannan ba su da yawa, sai an nema da wuri. Mai mata biyu kuwa da zai tafi da su tare, ya tuna da maganar adalci. Kai ɗaya ɗaki mai baranda a bar ɗaya a ɗakin da babu taga, fitina ce wadda za ta biyo shi har gida. Gara ya sayi ɗakuna biyu iri ɗaya a hawa ɗaya, ko da sun fi sauƙin kuɗi.

Ga matan da ba su son cuɗanya da maza, baranda tana da amfani ƙwarai, don filin saman jirgi wurin iyo ne da shigar da ba kowa zai so gani ba. Sai dai mai ƙananan yara ya kula, kada a bar yaro shi kaɗai a baranda, kada kuma a bar kujera kusa da shinge. Tsoho mai ciwon gwiwa ya nemi ɗaki kusa da na'urar hawa bene, domin tsawon babban jirgi ya zarce mita 300, kuma mai keken guragu ya nemi ɗakin da aka gina dominsa, mai faɗin ƙofa da kewaye marar dakali. Kamfanoni da yawa ba su ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24, ko jaririn da bai kai wata 6 ba, saboda asibitin jirgi ƙarami ne.

MAGANAR SALLA

Musulmin da ya shiga ɗaki marar taga zai tarar cewa ba shi da hanyar ganin fitowar alfijir ko faɗuwar rana, ga shi jirgi yana tafiya, lokutan salla suna sakewa kullum. Agogon jirgi ma ya kan saɓa da na wayar hannu idan aka ƙetare iyakar lokaci. Mai taga ko baranda yana gani da idonsa. Wanda ya zaɓi ɗakin ciki sai ya riƙa fitowa fili yana duba rana, ya kuma tanadi jadawalin lokutan garuruwan da za a bi.

Alƙibla ita ma sai an lura. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa mai salla a jirgin ruwa zai fuskanci alƙibla, ya juya idan jirgi ya juya gwargwadon ikonsa, kuma ya yi a zaune idan tsayuwa ta gagara saboda tangaɗi ko jiri. Na'urar nuna alƙibla ta wayar hannu ta kan rikice a cikin ɗakin da bangonsa ƙarfe ne. Mafi aminci shi ne taswirar da talabijin ɗin ɗaki ya ke nunawa, wadda ke bayyana inda jirgi ya ke da inda ya dosa, ko kuma a tambayi ma'aikata. A ƙaramin ɗaki filin shimfiɗa darduma na mutum ɗaya ne, tsakanin gado da ƙofa. Buta ta roba kuma har yau tana da aikinta, kamar yadda ta yi a zamanin fatake.

RANAR DA ƊAKI YA ZAMA KURKUKU

Akwai masu cewa ɗaki wurin kwana ne kawai, kuma a yawancin tafiye-tafiye gaskiyarsu ne. Amma abin da ya faru a watan Fabrairu na 2020 ya nuna ɗaya gefen. An killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki saboda cutar korona, aka umarci fasinja su zauna a ɗakunansu har mako biyu, kuma fiye da mutum 700 suka kamu. Masu baranda suna samun rana da iska, na ɗakunan ciki kuwa sai ɗan lokacin da aka riƙa ba su su fito fili bi da bi. Ko ba annoba, wanda ya kamu da ciwon gudawa mai yaɗuwa a jirgi a kan nemi ya zauna a ɗakinsa har ya warware.

Baranda ita ma tana da nata haɗarin. A watan Maris na 2006 gobara ta tashi a barandar wani ɗaki na jirgin Star Princess a kan hanyarsa ta zuwa Jamaika, masu bincike suka fi zargin guntuwar taba, ɗakuna da dama suka ƙone, mutum ɗaya ya rasu. Wuta ita ce babbar abokiyar gabar jirgi. Saboda haka a ke hana dutsen guga da kyandir da risho da duk abin da ke ci da wuta. Uwargida ta san cewa kaskon turaren wuta ba zai wuce wurin bincike ba, sai ta wadatu da humra da turaren fesawa.

Kowane irin ɗaki mutum ya samu, a bayan ƙofarsa akwai taswira mai nuna wurin da zai taru da jama'a idan an busa ƙahon haɗari. Bayan jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairu, 2012, mutum 32 suka mutu, an tsaurara dokar duniya ta yadda dole a koya wa fasinja matakan ceto kafin tashi ko da zarar an tashi. Matafiyi ya bi hanyar nan da ƙafarsa tun ranar farko, shi da iyalinsa, ya kuma san inda rigar ceto ta ke.

LISSAFIN ALJIHU

Da dala ko yuro a ke biyan waɗannan kuɗaɗe, kuma tun bayan da aka sake tsarin canji a watan Yuni na 2023, naira ta faɗi daga kimanin 460 a kan dala ɗaya har ta zarce 1,500 a cikin 2024. Saboda haka bambancin da Bature zai gani ƙarami tsakanin ɗakin ciki da mai baranda, a wurin mutumin Agege kuɗin makarantar yara ne. Bugu da ƙari, kuɗin ɗaki ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Akwai tikitin jirgin sama, da bizar ƙasashen da za a bi, da katin rigakafin shawara, da inshora, da harajin tashoshi, da tukuicin ma'aikata wanda kamfanoni da yawa su ke ɗora wa kowane fasinja kullum, kuma na masu ciki da falo ya kan fi yawa. Intanet da abin sha da yawon cikin gari su ma yawanci dabam a ke biyansu.

Tsawon tafiya da irin hanyar su ne ma'auni mafi kyau. Idan kwana 3 ne ko 4, ko kuwa kullum jirgi yana tsayawa a wani gari daga safe zuwa yamma, ɗakin ciki a tsakiyar jirgi ya wadatar, a adana sauran kuɗin don ganin gari da tsaraba. Idan kuwa doguwar tafiya ce mai kwanaki a tsakiyar teku, ko akwai tsoho ko matar da za ta fi zama a ɗaki, to kuɗin taga ko baranda ba asara ba ne. Ciki da falo na mai yalwa ne wanda biyansa ba zai taɓa jarinsa ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kafin ya miƙa kuɗi, matafiyi ya tabbatar an rubuta masa sunan jirgi, da hawa, da lambar ɗaki, da abin da kuɗin ya ƙunsa, da sharaɗin mayar da kuɗi idan aka hana shi biza. Ya kuma bincika da kamfanin jirgin kansa cewa sunansa ya shiga, kamar dai yadda ɗan kasuwar goro ba ya biyan huhu sai ya kwance ya ga abin da ke ciki. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi gida lafiya.